Wata Bakwai Ina Karanta Lamba Tara

Kun sha jin ana faɗa a gidan nan cewa Bello ya bar Dinawa ne don an hana shi gandu, wai kwaɗayi ya sa ya kwashi iyalinsa ya koma Goronyo. Ni da na haife shi na yi shiru shekara huɗu ina jin maganar tana yawo, har ta fara shiga kunnen jikokina. To, ba zan bari a binne ni a bar ta haka ba. Yadda abin ya faru zan rubuta, kuma duk wanda zai nemi mai laifi a ciki ya fara da ni.

Ku da kuka taso kuka same ni da sanda ba ku san ni a kara, kasuwar shanu, ba. Kusan shekara arba'in na yi ina dillancin shanun huɗa, daga Achida zuwa Rabah zuwa Goronyo, kuma ba yabon kai ba, in na ce sa zai ja garma to zai ja, in na ce zai kwanta maka a tsakiyar gona to ka fara neman wani. Mutane sun ɗauka wani asiri gare ni. Babu komai sai abu guda da maigidana ya koya mini tun ina saurayi: ba a duba sa lokacin da mai shi yake nuna shi. A lokacin an ja masa igiya, an daka masa tsawa, ya miƙe kamar na kirki. Sai ka bari a juya masa baya, ciniki ya koma kan wani, sannan ka saci kallon kunnensa. Nan halinsa yake. Na daɗe da gane cewa mutum ma haka ne, sai dai shi a hannu ake dubawa, domin fuska ta iya ƙarya amma hannu bai iya ba.

A farkon daminar shekarar da abin ya faro wani jan bijimi ya make ni a gwiwa a karar Rabah. Laifina ne, na tsaya inda na sha hana yara tsayawa. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma kowa ya san na gama bin garma. Sai maganar da nake ta ɗagawa ta zo ta tsaya mini a ƙofa: wa zai riƙe gandu? Gonar tudu ta gero da wake, fadamar albasa, shanu biyu, injin ban ruwa, da bakuna goma sha tara masu ci daga rumbu ɗaya. In riƙo ya yi kyau gida ya zauna, in ya ɓaci kowa ya kama gabansa, kamar yadda na ga gidaje da yawa sun watse a unguwarmu.

Bisa al'ada babu abin tambaya, Bello ne babba. Kuma wa ba ya son Bello? Fara'a kamar an biya shi, in ya shigo gida sai ka ji har kaji sun ɗauki hayaniya. Matsalarsa guda, bakinsa bai san a'a ba. Injinmu ya fi kwana a gonakin mutane fiye da tamu, shanu kuma a karɓe su aro a dawo da su da gyambo a wuya, shi yana dariya yana cewa ba komai. Ƙanensa Sani kuwa, ko ni ubansa ba na jin daɗin zama da shi. Gaisuwarsa kalma uku ce, idonsa a ƙasa, in an yi taro yana can gefe. Ka roƙe shi aron abu ya ce maka babu, ba tare da ya shafa maganar da mai ba. Duk Dinawa an yanke cewa girman kai gare shi, ni ma na sa hannu a kan hukuncin. Ina tsoron in ba Bello dukiya ta zube, ina tsoron in ba Sani mutane su gudu.

Ina cikin wannan zulumi, kwance a zaure ina faɗa da duk wanda ya gifta, wata Asabar bayan azahar Bello ya shigo da makullin babur a hannu.

"Baba, zaman ga na ka kashe ka, ba gwiwa ba. Tashi in kai ka Wurno ka ga ƙattai ashirin da biyu na gudu bayan ƙwallo guda."

"Ni da hurhurata in tahi kallon wasan yara?"

"Yo ai kai ba ƙwallo za ka kallo ba. Kara ta, Baba, sai dai shanun na da ƙahwa biyu."

Wannan maganar ce ta tashe ni. Ya ɗora ni a bayan babur kamar buhun albasa, ya kai ni wani gidan kallo na kwano da benci a Wurno, ya samo mini wuri kusa da ƙofa inda zan miƙe ƙafa, ya zauna a damana. Duk wasan yana raɗa mini wane ne wane, ni kuwa ban fahimci komai ba sai zafi da warin zufa. Amma na lura akwai wani dogo da ke sa ɗakin ya rabu biyu duk lokacin da aka nuno shi. Sunansa ya fi ƙarfin harshena, sai na bi lambar da ke bayansa na riƙa ce masa Lamba Tara. Bello ya ce duniya kaf an san shi, kuma ko masu sonsa sun yarda ya fi kowa ji da kai. Har ya ciro waya ya nuna mini wani wuri.

"Ka gani, Baba, Turawa sun raba mutane gida-gida, kowa da halinai. Nan anka jehwa ƙuri'a, anka ce shi gidan masu son mulki shike, wa'anda ba su ganin kowa da gashi."

"Su masu ƙuri'ar, sun taɓa kallonai sa'adda ƙwallo ba ta ƙahwa tai?"

Bello ya yi dariya, ya ce wa zai biya kuɗi ya kalli mutum yana tsaye. Ana cikin haka aka ba su bugun da mutum ɗaya ke tsayawa shi da mai tsaron gida. Lamba Tara ya ajiye ƙwallo, ya ja baya. Kowa na kallon ƙafarsa, ni ina kallon hannunsa, sai na ga ya goge tafinsa a jikin wando sau biyu, da sauri, kamar mai ɓoye abu. Ya buga ta shiga. Ɗaki ya kaure, shi kuwa ko murmushi, ya juya yana tafiya. Wani a bayana ya ce ku dubi girman kai, an ci ƙwallo kamar an yi masa mutuwa. Ni abin da na gani daban ne: kafaɗunsa sun sauka, ya furzar da iska, daidai yadda sa yake yi in an cire masa karkiya da yamma. Bakina bai shawarce ni ba.

"Yaron ga ba girman kai gare shi ba. Tsoro na. Tsoron kar shi ba mutane kunya."

Dariyar da aka yi mini a ranar har yau ina jin ta. Mai gidan kallon, wani gajere mai bakin tsiya, ya riƙe ciki ya ce:

"Baba dillali, to duba muna haƙoranai, in shina da sauran ƙarhi mu saye shi mu kai Kwargaba shi yi huɗa!"

Na ji haushi ƙwarai. Shekara arba'in ba a taɓa yi wa idona dariya ba sai a ɗakin kwano. A hanyar komawa na ce wa Bello Asabar mai zuwa ma ya shirya babur, domin sai na tabbatar da maganata ko da za ta kai ni shekara. Na ji yadda ya yi murna, har ya ƙara wuta muna tsalle a kan ramuka. A lokacin na ɗauka murnar ƙwallo ce.

Aikin ya fi na kara wuya, saboda mai ɗaukar hoton ƙwallo yake bi, ni kuwa wanda aka juya wa baya nake nema. Wani wasan in samu ƙiftawa uku, wani in dawo hannu wofi. Amma ban fasa ba, ko ruwa ko rana, har aka yi girbin gero, aka dasa albasa, aka shiga ban ruwa. Na ga ranar da aka fitar da shi daga wasa ya wuce maigidansu bai karɓi hannu ba, ɗaki ya ce raini ne, alhali idonsa na ƙasa, bai ma ga hannun ba. Na ga ranar da wani sabon ɗan wasa ya zubar da ƙwallo a bakin raga, jama'a na yi masa ihu, can a gefen hoton Lamba Tara ya je ya tsaya kusa da shi, bai ce komai ba, bai dafa shi ba, ya dai tsaya har aka ci gaba. Haka tsohon sa yake yi wa sabo in an haɗa su a karkiya ɗaya. 'Yan ɗakin suka laƙaba mini Koci, in na shigo a ce a ba Koci hanya ya zo duba dabbarsa. Ban damu ba. Bello na damana kullum, ya sayo mini ruwan sanyi, ya gyara mini ƙafa a kan benci, ya rama mini tsiya in ta yi yawa.

Wata safiya cikin sanyi ina zaune a zaure, Sani ya zo gaishe ni kafin ya wuce fadama. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai san na ɗago ba, sai na ga ya goge tafinsa a jikin riga sau biyu, sannan ya shigo ya durƙusa. Shekara talatin da ɗaya yaron nan yana shigo mini kowace safiya, ashe da fargaba yake shigowa, ni da nake taƙama da ido ban taɓa gani ba. Na amsa gaisuwarsa, ya fita, na daɗe ina kallon ƙofar.

Daga ranar na sa masa ido irin na kara. Na sa aka riƙa kai ni fadama a amalanke ana ajiye ni ƙarƙashin mangwaro, in yi kamar ina gyangyaɗi. A gabana wani maƙwabcinmu ya roƙi aron inji, Sani ya ce babu, mutumin ya tafi yana ƙunƙuni. Washegari da hantsi sai ga Sani ya ɗora injin a kafaɗa ya shiga gonar mutumin, ya shayar masa da albasa da kansa, ya duba mai, ya dawo da abinsa, bai gaya wa kowa ba. Ashe ba taimakon yake ƙi ba, sakin kayan a hannun wanda bai iya ba yake ƙi, bakinsa ne ba ya iya yin bayani. Na gan shi yana shafa wa shanu man kaɗe a inda karkiya ta ci su, yana yi musu hira mai tsawon da bai taɓa yi da ɗan Adam ba. Kafin a cire albasa na gama yanke shawara.

Uwarsu Hajjo na fara gaya wa. Tana tankaɗe, ta ajiye rariya ta dube ni.

"Wato ka shiga gidan kallo ka hito da hukunci. Bello na babba, malam. Kuma Bello na ka ɗaukar ka bisa babur."

"Bello ba shi da damuwa. Shi duk inda anka aje shi zamnawa shikai da dariya tai. Gidan ga nika son in tsare."

"Ka duba shi kamar yadda kad duba ɗan'uwanai?"

"Mi za ni dubawa ga Bello? Cikinai a buɗe shike kamar hwaihwai."

Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da tankaɗe. Ni kuwa na ji haushin tambayar, domin a ganina wanda ke dariya ya riga ya faɗi duk abin da ke ransa.

Bayan an gama ɗaure albasa an kai rumbu, na tara maza a zaure da la'asar, har da ƙannena biyu. Na ɗauki igiyar shanu da makullin ɗakin inji, kamar yadda ubana ya miƙa mini a gaban mutane, na miƙa wa Sani. Sani ya kasa miƙo hannu sai da na daka masa tsawa. Kowa ya juya ga Bello, shi kuwa ya cire hula, ya yi dariyar nan tasa.

"Walle Baba ka hutasshe ni. Sani, Allah shi taya ka riƙo, mu dai a ba mu tuwo da yawa."

Aka yi dariya, aka shafa fatiha. Na kwana da sanyin rai ina cewa ai na faɗa. Asabar ta zagayo, sai ga shi da makullin babur kamar kullum, ya kai ni Wurno, ya sayo mini ruwan sanyi. Haka ya yi har wasannin shekarar suka ƙare. Ana jiran ruwan shuka ya zo ya ce wani abokinsa ya ba shi fili a ƙasan madatsar Goronyo zai gwada tafarnuwa, kwana biyu ne. Ya tafi da matarsa da 'ya'yansa huɗu, da tukwane, da gado. Mai kwana biyu ba ya ɗaukar gado, amma ko a nan ban farka ba.

Hajjo ce ta farkar da ni. Ranar da ta share ɗakinsu ta zo ta ajiye mini wata hula a cinya, wadda Bello ya cire a zaure. An murɗe ta har zaren ɗinkin ya tsintsinke, gefe guda ya yage.

"Kai na kac ce hannu aka kallo. Ni ina bayan zana ina kallon nashi, kai kana kallon haƙoranai."

Na riƙe hular nan ina jujjuya ta. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, har da baƙin ciki. Na karanta baƙon da ban taɓa gani ba a ƙasar da ban san sunanta ba, na karanta Sani, Bello kuwa da kafaɗarsa ke gugar tawa wata bakwai ban ba shi ƙiftawa ɗaya ba.

Ku ji da kyau, ban warware hukuncin ba, kuma ko yau aka dawo da ni zauren Sani zan miƙa wa igiya. Kuna gani da idonku rumbu bai taɓa yin ƙasa ba, kuma wanda ake ce wa mai girman kai yau shi ake kira in rigimar ruwa ta tashi a fadama. Kuskurena shi ne ban kira Bello mu biyu ba, ban dubi idonsa na gaya masa dalili ba, na bar shi ya ji a gaban ƙannen ubansa, don na ɗauka mai fara'a ba ya jin ciwo.

Na ɗaura niyya sai na gyara abin da zai gyaru. Duk ranar kasuwar Goronyo na riƙa shiga mota da sandata. Bello ya tarbe ni da dariya, a shimfiɗa sabuwar tabarma, a yanka kaza, a kira yara su gaida Baba. In na ɗauko maganar sai ya ce haba Baba, ai ya wuce, ya kawo labarin farashin tafarnuwa. Shekara guda cur ina cin kazar nan tana tsaya mini a wuya, domin na san baƙo ake yanka wa kaza. Hajjo ta ce in haƙura, gwiwa na kumbura. Na ce ko da rarrafe zan je.

Wata ranar kasuwa ya ce Lamba Tara zai buga da la'asar, ko in zo mu je in duba dabbata. Muka shiga gidan kallon unguwarsu, ya samo mini wuri kusa da ƙofa, ya zauna a damana. Da aka fara wasa sai na juya a kan benci, na ba akwatin talabijin kafaɗa, na fuskance shi. Ya yi kamar bai gani ba. Can ya yi dariya.

"Baba, akwatin na gabas, kai kana kallon kudu."

"Na ƙare da wancan. Kai nika kallo."

Fuskarsa na murmushi, amma babban yatsansa na haƙa tsakiyar tafinsa kamar zai huda shi. Ban ɗauke ido ba. Aka ci ƙwallo, ɗaki ya tashi, mu biyu muna zaune. A hankali murmushin ya bushe, ya miƙe ya fita. Na bi shi da sanda har bayan ɗakin, inda injin wuta ke ƙara. Ya juyo, idonsa ja, ya ɗaga mini murya, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi.

"Wata bakwai, Baba! Wata bakwai ina zamne kusa gare ka! Ba gandu na ad damuwata ba, na san Sani ya hi ni riƙo. Ni na zaci don ni kaka zuwa. Na zaci ka samu abin da za mu yi tare, ni da kai. Ashe Sani kaka nema cikin akwati."

Na ce masa gaskiya ya faɗa, na zalunce shi, ya yafe mini. Bai ce ya yafe ba a ranar. Ya tsaya yana huci, ni ina jingine da bango, kuma Allah ya sani ban taɓa jin daɗin tsawa ba sai wannan, domin a karon farko ɗana ya bar ni na gan shi.

Game da Lamba Tara, har yau ban san ko na canka daidai ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Watakila masu ƙuri'a ne da gaskiya. Abin da na sani shi ne Bello bai tafi don kwaɗayi ba, kuma duk wanda na sake ji ya faɗi haka a gidan nan, ni da shi ne. Bai dawo Dinawa ba, ban kuma roƙe shi ba, ya kafa nasa a can kuma yana da albarka. Hular tana cikin akwatina, na hana a ɗinke ta.

Har yanzu ina zuwa duk ranar kasuwa, kuma zan ci gaba muddin ana iya ɗora ni a mota. Zuwan da na yi bayan waccan rana, na same shi yana gyaran buhuna a tsakar gida, fuska a ɗaure, bai tashi ba, bai sa an ɗauko sabuwar tabarma ba. Ya tura mini kujerar tsugunno da ƙafa, ya leƙa madafa ya ce wa matarsa:

"Baba ya zaka. In akwai sauran ɗumame a kawo mai."

Na zauna na cinye shi tas, har na suɗe kwanon.